Daga PK5 zuwa Azbin: wa zai je kallon sawun kakan ƙadangare?

A farkon watan Disamban 2025, wata tawagar masana ta fitar da sakamakon binciken da ta shafe shekaru tana yi a gandun Torotoro, cikin duwatsun jihar Potosi ta ƙasar Bolibiya, a Kudancin Amurka. A fili guda mai suna Carreras Pampa sun ƙirga sawu fiye da 16,000 na dinozor, dabbar nan ta zamanin da can da Hausawa ke kira kakan ƙadangare. Ba a taɓa ƙirga sawu masu yawan haka a wuri ɗaya ba a duniya. Labarin ya zaga kafafen watsa labarai, kuma ƙaramin garin Torotoro, wanda dama yake cin abinci daga baƙi masu zuwa kallon sawu da tattaki cikin kwazazzabai, ya samu talla ba tare da ya kashe ko dala ba.

Ɗan kasuwar unguwar PK5 ta Bangui, wanda hankalinsa ke kan motar kayansa da ta taso daga Duwala, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Amma fa biyu daga cikin muhimman wuraren da ake samun irin wannan sawu a Afirka suna bakin hanyoyin da fataken Hausawa suka daɗe da sani. Ɗaya yana Mayo-Rey ta arewacin Kamaru, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ɗayan kuma yana jihar Agadez ta Nijar, a gindin duwatsun Azbin. A wuraren biyu sawun yana nan, baƙi ne babu. Rashin tsaro shi ne dalilin da kowa ke fara ambata, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. Tun farko an gina harkar ne domin baƙo iri ɗaya tak, Bature mai saukowa daga jirgi. Ranar da ya daina zuwa babu wanda ya maye gurbinsa, domin ba a taɓa sa mutanen yankin cikin lissafi ba.

Abin da ke kwance a Azbin

Azbin, wadda Faransawa ke rubutawa Aïr, ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Gobirawa na cewa can kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Hausa ce harshen kasuwa da na titi a birnin Agadez har gobe. Ayarin raƙuman Abzinawa ya shafe ƙarnuka yana kai kantun gishirin Bilma zuwa Damagaram da Kano, ya komo da gero da baƙin turkuɗin Kura.

Duwatsun kansu su ne suka fara jan masu yawon buɗe ido. A kan tudun Bagzam ne dutse mafi tsawo a Nijar yake, Idoukal-n-Taghès, mai mita 2,022. Akwai Timia da ruwanta mai zubowa daga dutse da lambunanta na lemu da rumman, akwai kufan tsohon birnin Assodé, akwai kuma raƙuman dawan Dabous, waɗanda mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5. Baƙi kan yi mako guda ko biyu suna tafiya da ƙafa daga rijiya zuwa rijiya, jakuna ko raƙuma na ɗauke da guzurinsu. A 1988 Nijar ta keɓe gabashin duwatsun tare da wani yanki na hamadar Tenere, fili mai hekta miliyan 7.7, a matsayin gandun da doka ta kare, kuma a 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan gadon duniya.

Ƙasusuwa da sawun dinozor kuwa suna wajen iyakar wannan gandu, ta kudu. A Gadoufaoua, kudu maso gabashin Agadez, ma'aikatan Faransa masu neman yuraniyom ne suka ci karo da ƙasusuwan da suka zama dutse a warwatse kan rairayi. Masanin nan Philippe Taquet ya bi sahu a tsakiyar shekarun 1960, a 1976 kuma ya raɗa wa ɗaya daga cikin dabbobin suna Ouranosaurus nigeriensis, sunan da ya haɗa da kalmar da Abzinawa ke kiran damon hamada. Daga shekarun 1990 tawagar Paul Sereno na jami'ar Chikago ta haƙo wasu, ta kuma raɗa musu suna: Suchomimus mai baki irin na kada a 1998, sai Nigersaurus mai haƙora sama da 500 da Jobaria mai dogon wuya a 1999. Jobaria ta samo suna daga Jobar, wani dodo na tatsuniyar Abzinawa, wanda ake ce wa yara shi ne mai waɗannan manyan ƙasusuwa. Ke nan makiyayan yankin sun riga masana sanin inda suke.

Sawun kuma yana filayen da ke ƙarƙashin gangaren Tiguidit. A 2011 masana daga gidan tarihin Braunschweig na Jamus suka bayyana wasu sawu masu yatsu biyu, sama da ɗari, da ba a san irinsu a Afirka ba. Hanyar Damagaram zuwa Agadez ta ratsa wannan gangare bayan an wuce Aderbissinat. Duk direban da ya taɓa kai kaya Agadez daga Kano ya bi ta wurin, ko ya sani ko bai sani ba.

Kasuwa mai ciniki ɗaya

A shekarun 1980 Agadez ta zama zangon masu yawon hamada. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar yana yada zango a can, kamfanonin jagora sun buɗe, ciki har da na Mano Dayak, wanda filin jirgin birnin ke ɗauke da sunansa yau. Daga baya jiragen haya suka riƙa kawo Turawa kai tsaye daga Faransa a lokacin sanyi. Direbobi, masu dafa abinci, masu raƙuma, maƙeran azurfa da dukawa duk sun samu abin yi.

Amma kasuwar da ke da mai saye ɗaya, ranta yana hannunsa. Tawayen Abzinawa na farko ya sa UNESCO ta mayar da gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 1992, shekara ɗaya kacal bayan ta karrama shi, kuma har yau bai fita ba. An sa hannu kan sulhu a 1995, baƙi suka fara komowa. A watan Fabrairun 2007 tawaye na biyu ya ɓarke da hari a Iferouane, cikin zuciyar duwatsun, aka binne nakiyoyi a hanyoyi. A watan Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. Ma'aikatun harkokin wajen Turai suka shafa wa arewacin Nijar jan launi a taswirorinsu, kamfanonin inshora suka janye, jiragen haya suka tsaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantaka da Faransa ta tsinke baki ɗaya. A 2025 kuma an sace wata 'yar Ostiriya a watan Janairu da wata 'yar Suwizalan a watan Afrilu, duka a cikin birnin Agadez.

Mutanen da suka san hamada kamar tafin hannunsu ba su zauna jiran Bature ba. Wasu sun koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta sana'ar, kafin hukumomin soja su soke ta a watan Nuwamban 2023. Wasu sun bi zinariyar da ta bayyana a Djado da Tchibarakaten a 2014, wadda haƙarta ta bazu har cikin duwatsun Azbin. UNESCO ta sha nuna damuwa kan haƙar zinariya da farauta da saran itace a cikin gandun. Jimina ta ɓace daga dajin, sai 'yan waɗanda ake kiwo a killace. Gandu mai faɗin da ya fi wasu ƙasashe, da ma'aikatan daji 'yan ƙalilan, ba ya tsaruwa idan mazaunansa ba su ga abin da suke samu daga tsaron ba.

PK5 ta san wannan ciwo

Mazaunin PK5 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da jan launi ke yi wa wuri. Unguwar, wadda ta samo suna daga nisan kilomita 5 da ke tsakaninta da tsakiyar birni, ita ce babbar kasuwar Bangui tun kafin rikici, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da sauran al'ummu ke hada-hada. A rikicin 2013 zuwa 2014 mafi yawan musulmin birnin suka tsere zuwa Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka maƙale a PK5, fita daga unguwar na iya zama ajali. Sai da Fafaroma Francis ya shiga babban masallacin Koudoukou ranar 30 ga Nuwamban 2015 sannan duniya ta ga unguwar da wata fuska. Daga baya ƙungiyoyin da suka ce kare kai suke yi suka koma tatsar 'yan kasuwa, har a watan Disamban 2019 'yan kasuwar suka ƙi biyan harajin, aka gwabza, gommai suka mutu. Kasuwa ta farfaɗo tun daga nan, amma sunan da unguwar ta yi bai gama gogewa ba. Harbi kan tsaya a rana ɗaya, tsoro kuwa sai ya ɗauki shekaru.

Gandunan ƙasar ma sun sha irin wannan. Manovo-Gounda St Floris da ke arewa, mai hekta miliyan 1.74, ya shiga jerin UNESCO a 1988, ya faɗa jerin masu haɗari a 1997, bayan mafarauta masu manyan makamai sun ƙarar da karkanda sun kuma rage giwaye. A watan Mayun 2013 an kashe giwaye aƙalla 26 a Dzanga Bai, a kudu maso yamma. Gidan tarihin Barthélemy Boganda da ke tsakiyar Bangui ya lalace a rikicin, aka rufe shi shekara da shekaru. Dzanga-Sangha ya sake karɓar baƙi, sai dai galibinsu irin baƙin Azbin ne na da: daga waje suke, da ƙaramin jirgi suke isa, da kuɗin waje suke biya.

A nan batun ya wuce na shaƙatawa. Babban zargin da aka yi wa musulmin Afirka ta Tsakiya a lokacin rikici shi ne wai su baƙi ne, ko da kakanninsu a ƙasar aka binne su. Yaron PK5 da makarantarsa ta kai shi ya ga ruwan Boali, wanda bai kai kilomita 100 daga Bangui ba, ko ta nuna masa tsayayyun duwatsun Bouar da mutanen da suka kafa, ya samu abin da zai kira nasa a ƙasar haihuwarsa. 'Yan tsiraru sun fi kowa bukatar wannan, su ne kuma aka fi mantawa idan ana tsara wa za a gayyata.

Hanyar da ke tsakani

A ɗauka wani ɗan PK5 ya ƙudura zuwa Azbin ta ƙasa. Matakin farko shi ne takarda, kuma nan ne cikas na farko. Rahotannin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha nuna cewa masu sunayen musulmi a Afirka ta Tsakiya kan fuskanci ƙarin tambayoyi da neman takardun iyaye da kakanni kafin a ba su katin ɗan ƙasa ko fasfo. Da yawa kuma takardun haihuwarsu sun ƙone ko sun ɓace lokacin gudun hijira.

Idan ya samu takarda, sai ya kama hanyar Garoua-Boulaï, kimanin kilomita 600, wadda ta bi ta Boali da Bouar. Ita ce jijiyar da ke ciyar da Bangui. Lokacin da 'yan tawayen CPC suka datse ta a watan Disamban 2020, motoci sama da dubu suka yi cirko-cirko a iyaka har zuwa Fabrairun 2021, farashi ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar PK5. Shiga Kamaru bai kamata ya yi wuya ba, tunda ƙasashen CEMAC sun amince da zirga-zirga ba biza tun 2017, ko da yake shingayen jandarma da duwan suna da nasu lissafin.

Tsakanin Ngaoundéré da Garwa, idan ya karkata gabas zuwa Tcholliré, zai shiga Mayo-Rey. A kwarin Koum da ke nan ne sawun dinozor na Kamaru suke. A watan Agustan 2024 masana ƙarƙashin jagorancin Louis Jacobs na jami'ar Southern Methodist ta Amurka suka nuna cewa sawu fiye da 260 da aka samu a nan da kuma arewa maso gabashin Brazil kusan iri ɗaya ne, shekarunsu kimanin miliyan 120. Yau kilomita kusan 6,000 da tekun Atlantika ne ke tsakanin wuraren biyu, amma a wancan zamani Afirka da Kudancin Amurka a manne suke, dabbobin na ratsawa da ƙafa. Wannan yanki kuma shi ne inda masu garkuwa da mutane ke addabar makiyaya da 'yan kasuwa a kusurwar da Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya suka haɗu.

Daga Garwa sai Yola, ya shiga Najeriya, inda yarjejeniyar zirga-zirgar CEDEAO ba ta shafe shi ba, domin ƙasarsa ba mamba ba ce. Daga Kano sai Damagaram, ya shiga Nijar, wadda ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ta kuma tsaurara dokar shiga da zaman baƙi a wannan watan. Sefar da ya fito da ita daga Bangui ba ta ciniki a Agadez, duk da cewa darajarta ɗaya da sefar Afirka ta Yamma. Sai ya bi ta hannun 'yan canji, a tsakani kuma ga naira. Ƙasa huɗu, ƙungiyar yanki uku, kuɗi iri uku. Abu ɗaya ne kawai ba zai canja ba tun daga kasuwar PK5 har tashar motar Agadez, shi ne harshen da zai yi cinikin abinci da shi a kowane zango.

Ƙashi a waje, rami a gida

Ko ya isa, me zai gani? Sawu ba ya ɗaukuwa cikin sauƙi, saboda haka yana nan inda yake, a hannun iska da ruwan damina da kofaton dabbobi. Ƙasusuwa kuwa da yawa sun yi tafiya. Gidan tarihin Boubou Hama na Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana da rumfar dinozor, amma akwai ƙwarangwal ɗin Ouranosaurus a birnin Banis na Italiya, akwai na katon kadan nan Sarcosuchus a Paris, wasu kuma suna ɗakunan bincike a Chikago da Jamus da Sipaniya. Tawagar Sereno kaɗai ta kwaso tan 55 a tafiyarta ta 2022. Ana fitar da su ne da izinin hukuma, bisa sharaɗin za a tsabtace su, a yi nazari, a mayar. Sereno ya kafa gidauniyar NigerHeritage da shirin gina gidajen tarihi biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadez. Muddin babu ginin da zai karɓe su, komowar za ta ci gaba da zama alkawari.

Nijar ba ita kaɗai ke wannan jira ba. Katon dinozor da ke tsaye a gidan tarihin Barlin an haƙo shi ne a Tendaguru ta Tanzaniya tsakanin 1909 da 1913, zamanin mulkin mallakar Jamus, kuma har yanzu ana muhawarar mayar da shi. Brazil kuwa ta matsa lamba har Jamus ta mayar mata da wani ƙashin dinozor a 2023. Darasin shi ne ƙasar da ke da masana nata da wurin ajiya nata ita ake saurara. Nijar na da dokar kare kayan gado tun 1997, ta kuma sa wuraren ƙashin dinozor cikin jerin share fage na UNESCO tun 2006. Shekaru kusan 20 ke nan takardar ba ta wuce wannan mataki ba.

Sai batun harshe. Kusan duk abin da aka rubuta kan waɗannan dabbobi da Ingilishi ko Faransanci yake, sunayensu kuma da Latin. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Idan wannan mataki zai wuce takarda, ga wurin gwaji mai sauƙi: allon bayani da Hausa da Tamashek a bakin hanyar Tiguidit, ƙaramin littafi ga 'yan makaranta, da shirin rediyo da zai faɗa wa makiyayi cewa dutsen da ya tsinta ya fi daraja a inda yake fiye da a hannun dillali. Abin da aka rubuta da Hausa a Agadez, za a karanta shi a wayar salula a Bangui da Kumasi da Kartum a rana ɗaya.

Abin da wasu suka yi

Torotoro ba gari ne mai arziki ba. An kafa gandun a 1989, a ɗaya daga cikin yankunan da suka fi talauci a Bolibiya, inda manoma masu jin harshen Kecuwa ke zaune. Abin da ya bambanta shi, dokar shiga ce: baƙo ba ya zagaya gandun shi kaɗai, dole ya ɗauki ɗan jagora daga ƙungiyar 'yan jagoran wurin. Kuɗin yana tsayawa a gari, kuma wanda ke cin abinci da sawun shi ne mai gadinsa na farko. Ban da Turawa, 'yan ƙasar da ɗalibai daga birnin Kochabamba, mai nisan sa'o'i kaɗan a mota, suna zuwa, saboda haka kasuwar ba ta rataya a wuyan jirgi ɗaya ba.

A Afirka ma akwai misali. Yankin M'Goun na duwatsun Atlas a Maroko, inda ake samun sawun dinozor kusa da garin Demnate, ya shiga jerin gandunan duwatsu na duniya a 2014, na farko a nahiyar. An haɗa kallon sawu da hawan dutse da kwana a gidajen ƙauye, kuma iyalan Marakesh da Kasabalanka na cikin masu zuwa. Maroko ɗin dai ta nuna ɗaya fuskar: a kudu maso gabashinta cinikin ƙasusuwan da suka zama dutse ya zama babbar sana'a, ana haƙowa ana sayarwa ƙasashen waje ba tare da an rubuta inda aka samo su ba. Ƙashin da aka raba da raminsa ba tare da bayani ba, rabin amfaninsa ga ilimi ya tafi. Yankin da ke cike da masu haƙar zinariya da motocin fasa-ƙwauri kamar Agadez ba ya nesa da wannan haɗari.

Hujjar masu shakka

Akwai masu cewa wannan magana mafarki ce, kuma suna da hujja. Na farko, ɗan bindiga ba ya tambayar fasfo kafin ya tare mota. A Mayo-Rey da hanyoyin Nijar, 'yan ƙasa ne suka fi shan wuyar garkuwa da fashi, sai dai labarinsu ba ya kai wa manyan kafafe. Babu mai hankalin da zai ce wa iyali su kwashi yara zuwa Gadoufaoua a halin da ake ciki. Na biyu, baƙon Afirka ba ya kashe abin da Bature ke kashewa. Yakan sauka gidan ɗan'uwa, ya ci tuwon gida. Na uku, a ƙasashen da ake fama da tsadar hatsi da rashin magani, kuɗin gina gidan tarihi na da masu neman sa da yawa.

Duk da haka, cewa mutanen yankin ba sa tafiya don gani ba gaskiya ba ne. Kowace shekara dubban Hausawa kan cika motoci zuwa maulidin Kaulaha a Senegal ko Kiota a Nijar. Bikin shan gishirin dabbobi na Ingall a watan Satumba, bikin Bianou na Agadez, da bikin Azbin na Iferouane duk suna tara jama'a ko babu Bature ɗaya. Ingall ɗin nan tana cikin yankin da aka haƙo Jobaria. Jama'a suna zuwa, kawai ba a taɓa nuna musu abin da ke bayan gari ba. Kuɗin mutum ɗaya kaɗan ne, amma masu zuwa da yawa ne, kuma ba sa jiran izinin wata ma'aikata a Paris ko Barlin. Da sannu-sannu kwana nesa, in ji Hausawa, amma ana isa.

Inda za a fara

Abin da za a iya yi yanzu bai kai girman gina gidan tarihi ba. A Nijar, a auna wuraren sawun da ke kusa da hanya a rubuta su, a damƙa gadinsu ga ƙananan hukumomi da sarakunan gargajiya, a kuma sa dokar ɗaukar ɗan jagora na wurin tun kafin baƙi su komo, domin idan kamfanonin waje suka riga shiga, fitar da su zai yi wuya. Jami'ar Agadez, wadda ke zaune a tsakiyar wannan arziki, ita ta fi cancanta ta horar da masanan da za su karɓi ƙasusuwan ranar da suka dawo. A Kamaru, sawun Koum na bukatar shinge da mai gadi kafin ruwan Mayo-Rey ya cinye wasu. A Bangui kuma, aikin ya fi kusa da gida: sauƙaƙa bayar da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa ga 'ya'yan PK5 da waɗanda suka komo daga hijira, da sa makarantun unguwar cikin duk wani shirin kai ɗalibai Boali ko gidan tarihin Boganda.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi na Hausawa, waɗanda ke da wakilai a kowane zango daga Bangui zuwa Garwa zuwa Kano zuwa Agadez, su ne suka fi kowace ma'aikatar yawon buɗe ido sanin wace hanya ke biyuwa a wane mako.  Sawun da ke Tiguidit da Koum ya yi shekaru sama da miliyan 100 a binne cikin dutse, amma da zarar iska ta tone shi, damina kaɗan ke isa ta shafe shi. Yaran da ke wasa yau a lungunan PK5 za su iya zama na farko a zuriyarsu da za su tsaya a kansa, idan an ba su takarda, an kuma bar musu abin gani.